Kulu Mai Masa da Na'urar Ɗan Farinta

Duk wanda ya taɓa kwana a Tabotaki ya san Kulu. Ko bai san sunanta ba, hancinsa ya san tandarta. Rana ba ta gama leƙowa daga bayan duwatsu ba za ka same ta a ƙofar gida kan ƴar kujerarta, ƙwaryar ƙullu a dama, kwanon mai a hagu, hayaƙi yana shiga idonta tana yi masa faɗa. Masarta ta gero ce. Ta shinkafa, in ji ta, abincin mutanen birni ne masu raunin haƙori.

A Urno aka haife ta, aure ya kawo ta Tabotaki. Ta ga shekarun fari, ta kuma shiga cikin matan da suka yi dakon duwatsu a ka lokacin aikin tare ruwa a kan tuddai, har takan ce babu dutsen da ke tsakanin garin da Keita wanda wuyanta bai san nauyinsa ba. Bayan haka aka buɗe karatun manya a wata rumfar kara, ta shiga, ta fito da sanin haruffan boko. Tana rubutu, amma irin tafiyar hawainiya: ta ɗaga hannu, ta yi tunani, sannan ta sauke.

Mijinta, Malam Halidu, ya rasu da daɗewa. Tun yana da rai ba ta taɓa kiran sunansa ba, bayan ransa ma ba ta fara ba. Haka ɗan farinta. Ranar suna an raɗa masa Mu'awiya, sunan kakansa na wajen uba, don haka gari duka ke ce masa Tsoho. Kulu ko Tsohon ba ta faɗi. In magana ta kama dole sai ta ce “wancan”, ta ɗan karkata kai gefe. A ɗakin kakarsa ya girma kamar yadda aka saba yi wa ɗan fari. Ranar da ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare, unguwa ta cika da guɗa, mata suna shigowa yi mata barka, ita kuwa sai tambaya take ko wani ya ga ludayinta. Amma a ranar masa ta ƙone mata a tanda, abin da ba a taɓa gani ba.

Tsoho ya yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Tawa. Da ya dawo gida ya zo da wata tsohuwar na'ura da wani ofis ya yar, ya kwance ta, ya hure ta, ya zuba mata tsarin da ake kira Linux. Da aka tambaye shi mene ne wannan, ya ce kamar rijiyar gari ce: ba ta kowa ba ce, kowa yana ɗiba, wanda ya iya yasa kuma ya shiga ya yasa. Ya ɗora fanno, faifan nan mai ba da wuta, a kan rufin ɗaki don ya sha rana, ya haɗa batir, ya ɗaure wata ƴar na'urar kama rezo, wato layin sadarwa, a kan dogon gora. Daga ɗakin uwarsa ya shiga aiki da wasu matasa da ke warwatse a ƙasashe, suna rubuta manhajar ajiye kuɗin kirifto a cikin salula, kuɗin nan da ba a taɓa su da hannu. Da suka ga natsuwarsa sai suka ba shi riƙon hatimi. Hatimin wani makulli ne na sirri da ke cikin na'urar, da shi ake buga wa kowane sabon fitowar manhajar shaida cewa ba a yi mata cushe ba. In babu hatimin Tsoho, aiki ba ya fita.

Sai aka shiga shekarar da abubuwa suka rikice, aka rufe iyakoki, wuta ta riƙa ɗaukewa a birane, kowa yana kwana da rediyo a kunne. A cikin wannan hali Tsoho ya sami gurbin aiki a Kwatano, tafiyar da sai an yi zagaye, shinge bayan shinge. Ya ce ba zai ɗauki hatimi ya bi hanya da shi ba. Na'ura za ta zauna a ɗakin uwarsa, shi kuma ya riƙa shiga cikinta daga can ta rezo. Ya kulle dukan abin da ke cikinta yadda ba ta buɗuwa sai da kalmar sirri, sannan ya kira Kulu ya zaunar da ita gaban kilabiye, allon haruffan nan da ake dannawa.

Ya ce ta zaɓi kalmomi ta haɗa su, abin da ba za ta manta ba, kuma ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba, har shi. Abin da bai sani ba, in ji shi, ba mai ƙwatarsa daga bakinsa a hanya. Ya juya mata baya.

Kulu ba ta sha wahalar zaɓe ba. Abin da ba ta mantawa kuma ba ta faɗi, ai tana da shi tun tana amarya. Ta nemo haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta sunan mijinta, ta bi shi da sunan ɗan farinta, na gaskiyar, ta rufe da sunan wata saniya da ubanta ya ba ta ranar da za a kawo ta. Na'ura ta nemi ta sake, ta sake. Ta miƙe ta kakkaɓe zane kamar ba abin da ya faru.

Tun daga nan aikinta ya ƙaru da ɗaya. In ta yi sallar asuba, kafin ta hura wuta, sai ta yaye wa na'ura mayafinta, ta danna maɓalli, ta jira baƙin gilashi ya nuna ɗan farin layi yana ƙyaftawa. Ta rubuta abin da take rubutawa. Gilashin ba ya nuna ko harafi ɗaya, wannan kuwa ya yi mata daɗi ƙwarai. Can sai rubutu ya riƙa gudu sama kamar tururuwa ta ga sukari, ta san ta farka. Da magariba ta kashe ta don batir ya huta. In da mutum a ɗakin lokacin rubutun, ko waye shi, sai ya juya ya kalli bango. Mata masu sayen masa suka sa wa na'urar suna Amaryar Kulu, tunda ita kaɗai ake yi wa lulluɓi a gidan.

Kuskuren ya zo ne ta hanyar dabara. Kulu ta lura cewa akwai wata iska mai ɗumi da ke fita ta bayan na'urar. Lokacin sanyi ne, ƙullu yana nawar tashi, ga shi an ba ta aikin masar suna da yamma. Ta ɗauki ƙwarya ta ajiye kusa da wurin ɗumin, ta rufe da faifai, ta tafi ɗebo ruwa. Dabarar ta ci, har ta wuce gona da iri. Kafin ta dawo ƙullu ya tashi, ya ture faifai, ya gangaro ya cika kilabiye tun daga wannan baki har wancan. Ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta shanya a rana tare da barkono. Bai sake motsi ba.

Ɗanlami ne ya ce a bar masa. Ƙanen marigayi ne, mai kai albasa Ƙonni, kuma abokin wasan Kulu tun ranar da ta shigo gidan. Da ya dawo daga kasuwa ya zo da sabon kilabiye baƙi wul mai ƙyalli, ya saya a hannun masu kawo kaya daga Najeriya. Ya miƙa mata yana cewa ga toshi, in ta ga dama yanzu sai a ɗaura. Ta ce wanda ba ya iya cinye masa biyar a zaune ba ya iya riƙe mata, ya juya ya kalli bango.

Da ta duba sabon allon sai ta ga wasu haruffa sun yi ƙaura, kamar maƙwabtan da suka sake gida. Ba ta damu ba, ta bi kowanne har inda ya koma, ta danna shi. Na'ura ta yi jim, ta ƙi. Ta sake a hankali, ta ƙi. Ta yi bisimilla ta sake, na'ura ta zubo wani rubutu na fushi ta tsaya cik.

Da hantsi Tsoho ya kira a salular Ɗanlami. Ya ce abokan aikinsa sun gano wata ɓaraka a manhajar, sun toshe ta, hatimi kawai suke jira kafin Juma'a. In bai buga ba dole su karɓe riƙon su ba wani, su sanar da jama'a cewa nasa ya ɓace, kuma wanda hatimi ya ɓace a hannunsa ba a sake ba shi amana a wannan sana'a. Ɗanlami ya kashe waya ya dubi Kulu da tausayin ƙarya, ya ce tsufa ba laifi ba ne, shi ma wata rana ya manta inda ya ɗaure jakinsa. Ta ce jakin ne ya manta da shi, don ya gaji da ganin fuskarsa. Ta yi maganar tana dariya, amma idonta na kan na'urar.

Aka aika a kira Mansura, ɗiyar ƙanwar Kulu. Ita ma ordinatar ta karanta, tana cikin koyon aiki a Yamai aka shiga rikici, wurin ya rufe, ta dawo gida da diflom a cikin jaka. Tun dawowarta ba ta cika fita ba. In babur ya yi tari a titi sai ta zabura, in an ce ta duba wa wani salula sai ta ce tana tsoron ta ƙara lalata ta. Ta zo tana murza bakin gyalenta, tana cewa ita fa ba ta yi alkawarin komai ba.

Amma da ta zauna gaban na'urar sai kafaɗunta suka sauka. Ta ciro ɗan kile daga jaka, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa na'ura, wanda ke ɗauke da wani Linux na ko-ta-kwana, ta soka shi, ta tayar da na'urar ta wata ƙofa. Yatsunta suka shiga gudu a kan sabon allon, idonta yana kan gilashi, ko sau ɗaya ba ta dubi hannunta ba. Kulu ta tsaya a bayanta tana mamakin yarinyar da jiya ta kasa zuba shayi ba tare da ya zube ba. Mansura ta duba rumbun ajiyar na'urar ta ce lafiyarsa lau. Ta duba kullen da Tsoho ya yi, ta ce ba abin da ya taɓa shi. Ta gwada kowane maɓalli na sabon kilabiye, duk suna amsawa. Ta cire kile, ta tayar da na'urar yadda aka saba, ta juya ta kalli bango, Kulu ta rubuta, na'ura ta ƙi. Suka yi haka har azahar ta wuce.

Daga ƙarshe Mansura ta ce, cikin ladabi, ƙofa lafiya take, makullin ne ba ya shiga. Ko Inna za ta faɗa mata kalmar ta rubuta da kanta, ko da harafi ɗaya ne ke zamewa? Kulu ta ce a'a. Ɗanlami, wanda ya ƙi tafiya gona don kada wasa ya wuce shi, ya ba da shawara ta faɗa a cikin tulu, sai Mansura ta kara kunne a bakin tulun, ka ga ba mutum ta faɗa wa ba. Ba wanda ya kula shi. Ana cikin haka waya ta sake ƙara, ya miƙa wa Kulu. Ta karɓa da yatsa biyu, don ba ta saba doguwar magana da wancan ba.

“Inna, ki hwaɗa ma Mansura, ba komi. In ta buɗe sai ki sake wata.”

“Ba ta hwaɗuwa.”

“Ko kin mance ta? In kin mance ki gaya mini, ba ni jin haushi.”

“Ban mance ba. Na ce maka ba ta hwaɗuwa.”

Ƙarar motocin Kwatano tana shigowa ta wayar. Sannan Tsoho ya tambaya a hankali ko sunan Baba na ciki. Kulu ta dubi bango, wurin da take sa mutane su duba.

“Da na wani,” ta ce.

Tsoho bai tambayi wane ne wanin ba. Ya yi wata ƴar dariya da ta ƙare kamar tari. Ɗanlami ya leƙo ya ga ko rezo ne ya yanke. Da Tsoho ya sake magana muryarsa ta canja.

“To a bar shi, Inna. Kar ki hwaɗi. Aiki ba ya ƙarewa a duniya.”

Ya kashe.

Da ya yi mata magiya, ko ya yi fushi, da abin ya zo mata da sauƙi. Kulu ta zauna a bakin gado da wayar a cinya. Shekara da shekaru tana riƙe bakinta don mutunci, yau ga shi riƙon zai ci mutuncin wanda ake yi dominsa. Ta miƙa wa Ɗanlami wayarsa ta ce ya tafi ya ga ko albasarsa ta sha ruwa. Ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskarta, ya sa takalmi ya fita. Ta saki labule, ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da Mansura.

“Kawo kunnenki, ɗiyata. Sau guda za ni hwaɗi, kuma ba ki ji ba.”

Mansura ba ta san kalmar ba, amma ta ji abin da aka faɗa a waya, kuma ita ma ɗiyar ƙasar nan ta Adar ce, ta san abin da za a fasa.  Har ta fara sunkuyowa sai ta ja da baya.

“Tsaya, Inna. Tun safe bango nike kallo, ban taɓa ganin yadda kike rubutu ba. Bari mu gwada da abin da ke hwaɗuwa.”

Ta mayar da kile, ta buɗe wani farin shafi inda duk abin da aka danna yake fitowa a fili. Ta ce Inna ta rubuta masa. Kulu ta ce wannan ai ko a barci. Ta ɗaga yatsa, ta nemo harafin farko a sabon gidansa, ta danna, ta bi da sauran. Suka ɗaga kai tare. Abin da ke kan gilashi ba masa ba ne, wani waƙafi ne da haruffan da Kulu ba ta taɓa ba, in ban da guda ɗaya. Ta ce ita dai ba ta rubuta wannan shirme ba.

Mansura ta sunkuya ta dubi allon da ke ƙarƙashin hannunta, karo na farko tun zuwanta. Ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suka fara girgiza. Kulu ta ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce, irin wadda ba a ji daga bakinta ba tun dawowarta daga Yamai.

Da ta sami numfashi ta yi bayani. Na'ura ba ta ganin fentin da ke kan maɓalli, gurbinsa kawai ta sani. Tsoho ya saita ta a kan jerin Faransanci, irin na tsohon kilabiye. Wannan kuwa daga Najeriya ya fito, jerin Ingilishi aka zana masa. Inna tana bin zane, na'ura tana bin gurbi, kowa da gaskiyarsa. Ita kuma Mansura yatsunta sun haddace gurabe tun tana ɗaliba a lakwal, shi ya sa komai ya yi mata daidai ba ta lura ba. Gyara saitin daga ciki sai an buɗe na'urar, buɗewar kuma ita ce ta gagara, don haka ta nemi cokali. Da gindinsa ta ɓanɓaro kawunan maɓallan da suka yi ƙaura, ta mayar da kowanne gidansa na da, tana danna shi har ya ce ƙas. Ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado, sai da suka sa tsintsiya.

Kulu ta sake rubuta masa a farin shafi, masa ta fito. Mansura ta cire kile, ta tayar da na'ura, ta juya ta kalli bango ba tare da an ce mata ba. Kulu ta goge yatsanta a zane. Ta rubuta na farko, ta rubuta na biyu a hankali fiye da kullum, ta rufe da saniya. Na'ura ta yi jim ɗin nan nata. Sai rubutu ya kwasa da gudu sama.

Ba ta yi guɗa ba. Ta ce wa Mansura ta juyo, amarya ta tashi.

Kafin la'asar ta yi sanyi Tsoho ya shiga daga Kwatano, ya buga hatiminsa, ya aiko da saƙo cewa aiki ya fita. Ya roƙi Mansura ta ƙara wa na'urar makulli na biyu ta riƙe a wurinta saboda gaba, ya kuma ce akwai wani ɗan gyara a manhajar da yake so ta gwada hannunta a kai, in tana so. Ta ce tana tsoro, amma ya turo. Ɗanlami ya dawo yana cewa da ma shi ya san kilabiyensa ba shi da laifi, ilimi ne ya yi masa yawa. Kulu ta ce gobe in ya zo cin masa zai biya kamar kowa.

Da magariba, lokacin da za ta kashe na'urar, ta tsayar da Mansura a bakin ƙofa. Ta tambaye ta da ƙaramar murya ko wannan abu yana ajiye abin da ake rubuta masa da safe, ko wata rana zai iya gaya wa wani. Mansura ta ce a'a, yana karɓa ya buɗe ƙofa ne kawai, ko wanda ya haɗa shi ba zai iya sa shi ya maimaita ba.

Kulu ta dubi na'urar na ɗan lokaci, ta gyara mata mayafi ta kowane gefe.

“Ashe tana da tarbiyya,” ta ce.